Damanar da Isuhu Ya Yi wa Mota Hanci

Damanar bana ba ta zo wa Maraɗi da wasa ba. Ran nan na je barka, ina dawowa a bayan kabu-kabu, ruwa ya tare mu kusa da kasuwa, titi ya zama rafi, dole muka raɓe a rumfar wani mai shayi. Muna nan tsaye sai ga wata farar kat-kat, irin motar nan mai ratsa daji, ta keto ruwan hankalinta kwance, da wani baƙin bututu da ya bi gefen gilashinta ya haura har saman rufi. Mai kabu-kabun ya ga ina bin ta da kallo, ya ɗauka ƙauyanci ne ya motsa mini. Ya gyara tsayuwa ya yi mini bayani, wai ta nan inji ke shan iska don kada ya shaƙi ruwa, kuma haka suke fitowa daga kamfani. Na ce masa na gode, na ƙaru. Ban gaya masa cewa na taɓa riƙe irin wannan bututun da hannuna ana ɗaure shi da robar taya, tun uwarsa ba ta san za ta haife shi ba.

An fi shekara talatin. Mu 'yan Tsibiri ne, aure ya kawo ni Maraɗi, ina aikin shara da wankin kayan aiki a ɗakin haihuwa. Ƙanena Isuhu, wanda ke bi mini, ya biyo ni ya koyi kanikanci, ya zauna a garejin wani Alhaji mai fataucin hatsi da atamfa. Isuhu mutum ne mai dogon wuya da gajeriyar magana. Idan ka gaishe shi da safe, to ka ci rabonka na yini.

Waccan shekarar ruwan farko ya sauka da wuri, kowa ya ruga gona. Gero ya tsiro ya yi kunne, sai sama ta ɗauke cak. Rana ta gasa shukar har ta zama toka, mutane suka koma rumbu suka ɗebo abin da za a ci aka sake zubawa a ƙasa. Da ruwan ya tashi dawowa kuwa, sai ya dawo kamar ana bin sa da sanda. A yi na safe, a yi na yamma, wani lokaci a wuni ana yayyafi ba a ga idon rana ba. Gishiri ya narke a gwangwani. Ashana ta ƙi kamawa sai an ɗumama ta a hammata. Tabarmi suka yi fumfuna, zannuwa suka ɗauki wani wari da ba ya fita ko da sabulu. Kana zaune sai ka ji timm daga wani gefen unguwa, ka san katangar wani ta zauna, mu yi salati mu ci gaba da abin da muke yi.

Ga ruwa ko'ina, ga kore shar a gonaki, amma ciki babu. Da safe koko ne tsararo wanda kake iya ganin gindin kwano ta cikinsa. Da rana mu fita bayan gari yagar tafasa, a dafa, a matse, a kwaɗa da ɗan garin rogon da ke shigowa daga Najeriya. Tuwon dare sai ranar da Allah ya kawo. Abin da ya fi ci mini rai ma shi ne wuta. Itacen duk a jiƙe yake, za ki durƙusa kina hurawa har idonki ya yi ja, hayaƙi kawai yake ba ki.

A cikin wannan hali ne matar Isuhu, Barira, take goyon cikinta na fari a gidan iyayenta. Ƙauyensu yana bayan Jiratawa, a ƙetaren gulbi. Lokacin da muka raka ta, gulbin yashi ne zalla, da ƙafa muka taka shi, jaki na ɗauke da kayanta. Lokacin da ta sauka kuwa ya cika ya batse, ya shafe mashigin da amalanke ke bi, ya malala cikin fadama. Masu fito da manyan goruna ne kaɗai ke ratsa shi, su ma da ransu kawai suke ƙetarewa, ba sa yarda su ɗauki kaya mai nauyi. Ta bakin ɗaya daga cikinsu muka ji an samu mace. Suna ma can aka raɗa ba mu.

Shi wannan mai fiton ne ya sake dawowa, ya tarar da ni na kai wa Isuhu ɗan kwaɗonsa a gareji. Ya ja ni gefe, amma gefen bai kai inda kunne ba ya ji ba. Ya ce uwar Barira ta aiko: rumbunsu ya ƙare, babu busasshen itacen da za a dafa ruwan wanka, kuma nonon maijego ya ƙi kawowa. Da ɗan nonon akuya ake riƙe da jaririyar, ga shi tana mayar da shi. Ya ce kukan ma ta rage.

Na waiwaya na dubi Isuhu. Yana tsugune yana wanke wani noti a cikin gwangwanin fetur, ya wanke, ya juya, ya sake wankewa. Notin nan ya fita tas tun tuni. Tarbiyyar Innarmu ke nan: ko sunan Barira ba ya kamawa a gabana, balle ya buɗe baki ya tambayi lafiyar 'yar fari. Samarin yanzu da ke ɗaukar hoton jaririnsu da waya tun ba a yanke cibi ba, ba za su gane ba. Ni ma a ranar sai da na ji kamar in ɗauki kwanon kwaɗon in kifa masa a ka.

Washegari da sassafe ya yi sallama a ƙofar gidana, kansa a ƙasa.

"Yaya, itacen wanka hakkina ne. Zan kai masu."

Na ce da wace ƙafar? Ya ce da motar Alhaji. Na san motar. Tsohuwar kat-kat ce da aka jingine a gindin bishiyar bedi, kaji na ƙwai a kujerarta ta baya. Da ya je wa Alhaji da maganar itace, an ce Alhaji ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa masa makulli, ya sa aka cika masa tanki, bai tambaye shi komai ba. Allah ya jiƙan Alhaji, ya san itacen da ake nufi.

Tayar da injin bai ba shi wuya ba. Wuyar ita ce yadda zai shiga ruwan da ya kai ƙirjin namiji bai shaƙa ba. Isuhu ya ce da inji ya kurɓi ruwa ko cokali ɗaya ne, shi ke nan, ƙarfen cikinsa zai lanƙwashe. Wajen da yake jan iska kuwa yana nan ƙasa, dab da fitila. Don haka sai an ɗaga masa hanci sama.

Wani abokinsa manomi a Jiratawa ya ba shi ragowar bututun ban-ruwa, fari, mai kaurin damtse. Aka kawo shi gida wurina saboda ni ke da ɗan gawayi. Na farko da ya kara a wuta don ya lanƙwasa shi, sai ya narke ya manne, ya cika mini gida da wari. Na biyu ya ɗura masa yashi tukuna, ya toshe bakinsa da tsumma, yana juya shi a kan garwashi a hankali, ni ina fifita, har ya yi gwiwa mai kyau bai toshe ba. Ya huda gefen motar, ya zura bututun ya haɗa shi da gwangwanin da inji ke jan iska ta ciki. Ni na riƙe, shi yana naɗe mahaɗin da robar cikin taya da ya yayyanka siri-siri. Ya narka kakin zuma ya bi kowace kafa, ya shafe da giris. Can sama ya kifa masa gwangwanin madara da ya yanke gefe guda, bakin yana kallon baya don kada ruwan sama ya faɗa.

Muni dai ta yi shi. Masu wucewa suna tsayawa su riƙe baki, mata masu zuwa famfo suna cewa motar Alhaji ta yi hanci, saura ta yi atishawa. Isuhu ko ɗaga kai bai yi ba.

Da ya gama ya tada inji, ya ce in hau saman taya in toshe bakin bututun da tafin hannuna. In aikin ya yi, injin zai mutu. Na toshe, injin ya ci gaba da gurnaninsa kamar ba da shi ake ba. Ke nan akwai inda yake satar iska, kuma inda iska ta bi ruwa zai bi. Muka duba, muka shafa, ba mu ga komai ba. Can dabara ta faɗo mini, na shiga ɗaki na ɗauko kaskon turaren wutana, na barbaɗa ragowar turaren da nake tattali, muka riƙa bin mahaɗin da shi. A wajen gwiwar nan sai muka ga hayaƙin ya karkata yana shigewa wata 'yar tsaga. Ya liƙe ta. Na sake hawa na toshe. Wannan karon bututun ya zuƙe tafina kamar ɗan maraƙi ya kama nono, injin ya yi tari, ya yi shiru. Na wuni da jan zobe a tafin hannu, motar kuma ta wuni tana ƙamshin ɗakin amarya.

Saura wuta. Akwai wani ɗan kai a jikin injin da ke raba wa buji, wato fulogi, wuta, delko suke ce masa, wayoyi biyar ke fita daga cikinsa, kuma da ya jiƙe mota ta tsaya. Isuhu ya gwada leda ta yage, ya gwada gwangwani ya ƙi zama. Ina kallon wayoyin nan a tsaye, sai na ɗaga hannuna na dubi yatsuna. Washegari na roƙi ungozomar da nake yi wa aiki tsohuwar safar hannu ta roba, da tiyon ƙarin ruwa da aka gama da su. Muka yanke kan kowane yatsa, kowace waya ta bi ta yatsa ɗaya, tafin safar ya rufe delkon ruf, aka ɗaure da zare. Ranar ce na ga haƙoran Isuhu a waje. Su tiyon kuma ya maƙala su a 'yan ƙofofin numfashi na akwatunan man da ke ƙarƙashin mota, ya ja su sama ya ɗaure, don kada ruwa ya gauraya da mai.

Duk wannan ya isa a ce an gama, amma sai ya koma wa ƙofofi. Ya bi gefen kowace ƙofa da roba, ya toshe ramukan da tsatsa ta ci a daɓen motar da kwalta, ya cusa tsumma mai giris a duk inda ya ga haske. Ya ce ba ya son ɗigon ruwa ya shiga ciki. Na tambaye shi dalili, ya ce kada itace ya jiƙe. Na tuna masa cewa itacen a saman rufi ya ce za mu ɗaure shi. Sai ya ci gaba da goge kujerar baya da kaji suka ɓata, har da shimfiɗa mata sabuwar tabarma. A nan na gane. Idan nonon bai zo ba, a kujerar nan zai ɗauko Barira da jaririyar ya kawo su likita.

Muka fara zuwa Tsibiri. Innarmu ta riga ta ji. Ta sa an sauko da dammunan gero na ƙarshe da ta ɓoye a can ƙuryar rumbu, matan gida da na maƙwabta suka taru a zaure suna sussuka saboda yayyafi, ana shiƙa a bakin ƙofa duk lokacin da iska ta taso. Duk da yunwar da ke cikin kowa, ban ga wadda ta kai tsaba baki ba. Itace kuwa, Inna ta ce a rushe tsohuwar rumfar Baba, marigayi, azarorinta sun bushe ƙayau. Maƙwabta ma kowace ta zaro ɗan abin da ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Aka haɗa da kanwa, da yaji, da ƙafafun sa da mahaucin unguwa ya ajiye mana. Da za mu tafi Inna ta dafa bututun nan ta yi masa addu'a, kamar yadda ake yi wa doki.

Da hantsi muka wuce Jiratawa muka gangara bakin gulbi. Ban taɓa ganin sa haka ba. Ja wur, yana tafe da karare da rassan itace, ƙararsa tana cika kunne. Isuhu ya kashe mota ya ce sai ƙarfe ya huce, don zafi da sanyi in sun haɗu suna zuƙo ruwa. Ya tuɓe riga, shi da mai fiton nan suka shiga da sanda suna laluben inda ƙasa ke da tauri, ruwan ya kai masa ƙirji. Ya dawo yana rawar sanyi, ya sassauta bel ɗin fanka don kada ta watsa wa inji ruwa, ya rataya tamfal a goshin motar. Aka ɗaure igiya a bayanta, masu fito suka riƙe. Ya ce in zauna a nan in jira shi. Na ce masa ba shi zai dama kunun ba, na buɗe ƙofa na shiga, na rungume ƙullin kanwa da yaji a cinya.

Ya sa ƙaramar giya, muka shiga a hankali. Ruwa ya hau taya, ya hau fitila, ya zo yana lasar gilashi. Ciki kuwa a bushe, ko ɗigo babu, har na fara yaba masa a zuci. Muna kai tsakiya sai na ji kujerar ta yi wani laushi a ƙarƙashina. Ƙarar injin ta ƙaru, amma itacen da nake kallo a ɗaya gaɓar ya daina matsowa, ya fara tafiya gefe. Bayan motar ya ɗaga, ruwa yana juya mu. Isuhu ya liƙe ta sosai har ta zama ƙwarya, ta tashi daga ƙasa.

Na ga jijiyar wuyansa ta fito. Bai ɗaga ƙafa daga totur ba.

"Yaya, buɗe ƙohwarki."

Na ce masa ruwa zai shigo.

"Shi nika so. Buɗe."

Ƙofata tana gefen da ruwan ke gangarawa, duk da haka sai da na sa kafaɗa da ƙafa. Robar da ya ɓata yini yana liƙawa ta ɓalle, gulbi ya shigo mana. Sanyinsa ya ɗauke mini numfashi. Ya hau gwiwa, ya hau ƙugu, sabuwar tabarmar nan ta taso tana yawo a bayanmu. Na ɗora ƙullin kanwa a ka ina salati da ƙarfi. Sai na ji dum, motar ta zauna, tayoyi suka ciji yashi. Murfin inji ya nutse gaba ɗaya, amma a saman kaina ina jin bututun nan yana zuƙar iska, fuu, fuu, bai fasa ba. Haka muka rarrafa har muka hau tudu, ruwa na zuba ta ƙofofi. Gero da itace suna sama a cikin tamfal, ko danshi ba su yi ba.

A bakin ƙauyen ya tsaya, gindin wata tsamiya. Gidan surukai ne, ba zai shiga ba. Maza suka zo suka sauke kaya, ni na shige.

Barira ta rame har na so in kasa gane ta. Jaririyar kuwa tana kwance a tsumma, fatar cikinta ta yi yaushi, idonta a rufe, in ta buɗe baki kukan ba ya fita sai ɗan ƙii. Na sha ganin jarirai a wurin aikina, na san irin wannan shirun, kuma tsoro ya kama ni. Uwar Barira da ta ga busasshen itace sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane. Kafin la'asar wuta ta kama a gidan, wuta ta gaske mai harshe. Aka dafa ruwan wanka, na surfa gero na dama kunun kanwa mai kauri, aka ɗora ƙafafun sa da yaji. Na zauna a gaban Barira ina ba ta tana sha, gumi na karyo mata. Duk bayan ɗan lokaci mu kara mata jaririyar ko da babu komai, don jiki ya tuna aikinsa.

Nono ba famfo ba ne, ba ya zuwa ranar da aka kira shi. Muka kwana, muka sake kwana. Na yanke a raina cewa in aka ƙara yini ba canji, sai mu shiga gulbin nan da su, a motar da yanzu kowa ya san sai ta sha ruwa take tafiya. Ko tunanin ba na son yi.

Shi kuwa gogan yana gindin tsamiya. Ya ce ba zai koma ba sai ya tsiyaye ruwan da ya shiga ƙarƙashin mota. Duk lokacin da na kai masa abinci, ƙafafunsa kawai nake gani sun leƙo, sifana na ƙara. Abin da ya kwance jiya shi yake ɗaurawa yau, gobe ya sake kwancewa. Ba ya tambaya, ni kuma ba ni da abin faɗa, sai in ajiye kwano in juya.

Ranar da abin ya zo, da hantsi ne. Na kara wa Barira jaririyar kamar kullum, sai na ga muƙamuƙin yarinyar ya canza tafiya, na ji ƙwat, ƙwat, tana haɗiya. Barira ta dube ni, hawaye na zuba. Yarinyar ta sha har ta saki da kanta. Da na ɗaga ta a kafaɗa ta yi gyatsa, sannan ta tsala wani kuka da ya sa akuyar gidan ta zabura.

Na san ba a fita da ɗanyen jariri. Na faki idon tsofaffi, na lulluɓe ta a cikin mayafina, na bi ta bayan danga har gindin tsamiya. Na tsaya kusa da ƙafafun nan nasa na ce masa nono ya kawo, ta sha ta ƙoshi.

Sifanar ta yi shiru. Na jira, na jira, har na ɗauka bai ji ba. Can sai muryarsa ta fito daga ƙarƙashin mota.

"Yaya, da wa ta yi kama?"

Na ce ya fito ya gani da idonsa, ba kowa a wurin.

Ya jawo jiki ya fito, ya waiga hagu da dama. Na buɗe mayafin. Ban taɓa son ƙanena kamar yadda na so shi a wannan lokacin ba. Ya miƙo hannu, sai ya ga yadda giris ya yi musu baƙi, ya mayar da su baya ya harɗe. Ya sunkuyar da dogon wuyan nan nasa, ya daɗe yana kallon ɗigon nonon da ya rage a gefen bakinta.